Zaɓen Harsashin Harbin Nesa da Farauta: A Fara da Iska da Kafaɗa

Duk inda masu harbin nesa suka haɗu, ko a filin Bisley na Ingila, ko a filayen gasa na Amurka, ko a sansanonin farauta na Namibiya da Zimbabuwe, akwai gardamar da ba ta ƙarewa a tsakaninsu: wane harsashi ne ya fi? Sabon shiga yakan ɗauka amsar tana wurin mafi girma, wanda ya fi cin albarushi ya kuma fi ƙara. Kamfanoni ma ba sa gyara masa wannan zato, domin kusan kowace shekara suna fito da sabon suna da alƙawarin ƙarin gudu. Abin da wannan jagora ke son tabbatarwa akasin haka ne. Harsashin da ya dace da kai shi ne mafi ƙanƙanta daga cikin waɗanda za su iya aikin da ka sa a gaba, saboda samun abin da aka auna daga yawan atisaye yake zuwa, kuma babban harsashi yana rage atisaye ta hanyoyi uku: yana gajiyar da kafaɗa, yana cin aljihu, yana ƙona bututun bindiga da wuri. Aikin kansa kuma iri biyu ne. Mai harbin allo yana neman yadda zai ƙara nisa, mafarauci na gari yana neman yadda zai rage shi.

Da farko a fahimci lambobin. Harsashi guda ya ƙunshi kwanso, da albarushin da ke cikinsa, da ƙwayar da ke fita ta bakin bindiga. Lambar da ke farkon suna faɗin ƙwayar take nufi, ko da inci ko da milimita. Sai dai faɗi kaɗai ba ya gaya maka ƙarfi. Harsashin .308 Winchester na 1952, da .30-06 Springfield na 1906, da .300 Winchester Magnum na 1963, dukkansu ƙwaya mai faɗi ɗaya suke jefawa, wato inci 0.308. Bambancinsu girman kwanso ne. Da ƙwaya mai nauyin giram 11.7, na farko yana fita da gudun kimanin mita 800 a daƙiƙa, na biyu 820, na uku 900. Kula da wannan da kyau: Magnum ɗin yana ƙona albarushin da ya doshi giram 5, alhali .308 bai cika giram 3 ba. An ƙara albarushi da fiye da rabi, gudun da aka samu a kai bai wuce kashi ɗaya cikin takwas ba. Sauran ya tafi a zafi da ƙara da shuri. Wannan kamancen faɗi kuma yana ɗauke da haɗari, domin harsasai masu kama da juna ba sa musanyuwa. Sunan da aka buga a jikin bututun bindiga shi ne za ka gani a gindin kwanso, harafi da harafi, kafin ka ɗura.

A harbin allo mai nisa abubuwa biyu ne ke karkatar da ƙwaya: faɗuwa da iska. Faɗuwa tana da ban tsoro a takarda. A nisan yadi 1,000, wato mita 914, ƙwayar .308 mai giram 11.3 tana sauka da kimanin mita 10 ƙasa da inda aka saita ta a yadi 100, ta 6.5 Creedmoor mai giram 9.1 kuma kimanin mita 8. Amma faɗuwa ba ta yaudara. Idan ka san nisa ka kuma san gudun harsashinka, lissafi zai ba ka adadin da za ka murɗa a madubin saiti, gobe ma kusan adadin ke nan. Iska ce ba ta da alƙawari. Iskar gefe mai gudun kilomita 16 a awa tana ture waccan ƙwaya ta .308 da kimanin mita biyu da rabi a yadi 1,000, ta 6.5 kuma da kimanin mita ɗaya da kashi uku cikin huɗu. Babu maharbin da ke karanta iska daidai-wa-daida, domin wadda ke kaɗawa a inda yake kwance ba ita ce ke kaɗawa a tsakiyar fili ba. In ya yi kuskuren kilomita 3 kacal a ƙiyasinsa, .308 za ta kauce da kusan rabin mita, 6.5 da kimanin santimita 33. A gasar harbin nesa ta F-Class da'irar maki goma a wannan nisa faɗinta santimita 25 ne. Saboda haka tambayar farko ga mai harbin allo ita ce wace ƙwaya ce ta fi yafe masa kuskuren karanta iska.

Abin da ke ba ƙwaya wannan juriya shi ne siffarta. Doguwar ƙwaya siririya mai nauyi tana tsaga iska yadda siririn kwalekwale ke tsaga ruwa, ba ta zubar da gudunta da wuri, kuma gwargwadon yadda take riƙe gudu, gwargwadon yadda iskar gefe ke kasa ture ta. Sai dai doguwar ƙwaya tana bukatar juyi mai sauri kafin ta tsaya a kan hanya. Tsagin da ke murɗe a cikin bututu shi ke juya ta, kuma 6.5 Creedmoor an tsara shi da murɗi ɗaya a kowane inci 8, da wuri isasshe a kwanso don dogayen ƙwayoyi. Kamfanin Hornady ne ya fito da shi a 2007, sunansa kuma ya samo asali ne daga tsohon filin harbi na Creedmoor a New York, inda Amurkawa da 'yan Ayalan suka kara a 1874 a nisan yadi 800 da 900 da 1,000. Dabarar ba sabuwa ba ce. Sojojin Suwidin da Norwe sun karɓi 6.5x55 tun 1894, kamfanin Remington ma ya fito da .260 a 1997 mai kusan gudu ɗaya, amma bindigoginsa na farko murɗinsu bai kai ba, kasuwa ta wuce shi. Akwai kuma batun gudun sauti, kimanin mita 340 a daƙiƙa. Ƙwaya takan fara tangaɗi idan gudunta ya sauko kusa da wannan iyaka. Ta .308 tana isa wurin a wajejen yadi 1,000, ta 6.5 kuwa tana da sauran 'yan ɗaruruwan yadi a gaba.

Shuri shi ne abin da mazaje ba sa son amsa cewa yana damunsu, kuma shi ne ya fi ɓata harbi. A bindiga mai nauyin kilo 4, ƙarfin da ke dawowa kafaɗa daga 6.5 Creedmoor kimanin jul 16 ne, daga .308 ya haura 20, daga .300 Magnum ya ninka na 6.5 har da ɗoriya. Jiki yana koyon tsoro ba tare da shawarar mai shi ba. Masu horarwa suna da gwajin da ke tona wannan: a cusa harsashin bogi marar albarushi a cikin na gaske ba tare da maharbi ya sani ba. Idan ya zo kansa ya ja kunama, babu ƙara, amma sai ka ga ido ya runtse, kafaɗa ta zabura gaba, bakin bindiga ya dunguri ƙasa. Wannan zabura tana nan a kowane harbi, ƙara ce ke ɓoye ta. Ƙaramin shuri yana da wata fa'ida kuma: madubi ba ya barin allo, sai maharbi ya ga inda ƙurar harbinsa ta tashi, ya gyara na biyu nan take. Shi ya sa a gasar Precision Rifle Series ta Amurka, inda ake harbin farantan ƙarfe daga wurare masu wuyar tsayuwa cikin ƙayyadadden lokaci, manyan 'yan gasa suka gangara ƙasa da 6.5 ma, zuwa harsasan milimita 6 irin su 6mm Dasher, a cikin bindigogi masu nauyi ƙwarai. Mutanen da ke da kuɗin sayen kowane harsashi sun zaɓi ƙanana, kuma ba don tausayin aljihu ba.

Masu goyon bayan .308 suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Duk harbi yana ƙona farkon bututu, daidai inda ƙwaya ke shiga tsagi, har wurin ya tsattsage, saiti ya fara watsewa. Yawan albarushi a cikin ƙunƙuntar rami shi ke gaggauta wannan. Bututun .308 yakan kai harbi 5,000 ko fiye kafin ya gaji, na 6.5 Creedmoor tsakanin 2,000 da 3,000, na manyan Magnum sau da yawa bai wuce 1,500 ba. Ga shi kuma .308 ɗan'uwan harsashin 7.62 ne da ƙungiyar NATO ta karɓa a 1954, don haka kusan babu nahiyar da ba a ƙera shi, kuma ya fi araha. Gasar Palma, wadda ake yi a yadi 800 zuwa 1,000, da shi ake yin ta, da ƙwaya mai giram 10, haka ma a rukunin F-TR na gasar F-Class da .308 ko .223 kawai aka yarda. Wasu malamai har cewa suke yi ya fi koyar da karatun iska, tunda ba ya rufa wa mai kuskure asiri. Hukunci a nan ya danganta da nisa da kasuwa. Wanda harbinsa bai wuce mita 600 ba, ko wanda yake zaune inda 6.5 ke wuyar samu, .308 ya ishe shi har ya yi saura. Wanda ya nufi mita 800 zuwa sama, kuma dokar gasa ba ta ɗaure shi ba, 6.5 ya fi masa. Dukkansu biyun matsakaita ne, kuma wannan shi ne abin lura.

Da an bar allo an shiga daji, lissafin ya sauya, domin abin da ake harbi yana da rai. Allo ba ya motsi, in an kuskure shi maki kawai aka rasa. Dabba kuwa wurin da ya kamata a same ta, wato zuciya da huhu, a jikin matsakaiciyar barewa faɗinsa bai wuce santimita 20 zuwa 25 ba, kuma a bayansa kaɗan akwai ciki, inda harbi ke nufin doguwar azaba da dabbar da za ta mutu a inda ba za a gan ta ba. A mita 200 iskar nan ta kilomita 16 tana ture ƙwayar .308 da kimanin santimita 10 ne. A mita 500 ta haura rabin mita, kuma ƙwayar tana shafe kusan kashi uku cikin huɗu na daƙiƙa a hanya, lokacin da ya ishi dabba ta yi taku guda bayan an riga an ja kunama. Babu harsashin da ke maganin wannan taku. Sannan ƙwayar farauta ba irin ta gasa ba ce. An ƙera ta ne ta buɗe a cikin nama: wadda aka ciro daga jikin dabba za ka ga bakinta ya baje ya ninka faɗinsa, jan ƙarfen ya naɗe baya, gindin yana nan cur. Wannan buɗewa tana bukatar gudun da bai gaza mita 550 a daƙiƙa ba a yawancin ƙwayoyi masu dalma, masu jan ƙarfe zalla kuma sun fi son 600. Ƙwayar .308 tana sauka zuwa wannan iyaka a wajejen mita 450 zuwa 500. Ƙwayar gasa, mai siririn ɓawo, tana iya tarwatsewa a kan ƙashin kafaɗa ko ta wuce ba ta buɗe ba, shi ya sa kamfanin Sierra da kansa ba ya ba da shawarar farautar manyan dabbobi da ƙwayarsa ta MatchKing.

A nan ne mai son Magnum zai ce: to ai shi ya sa ake son babba, domin in harbi ya ɗan kauce, ƙarfi zai cike giɓin. Wannan magana tana da daɗin ji, amma ba ta tsaya. Harbin ciki harbin ciki ne, ko da wane harsashi aka yi shi, kuma shurin da ke tare da babban harsashi shi ne ke ƙara yiwuwar kaucewar tun farko. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Mafarautan Suwidin da Norwe sun shafe fiye da shekara ɗari suna kayar da mus, dabbar dajinsu da ke kai nauyin babban sa, da 6.5x55 da doguwar ƙwaya mai giram 10, daga kusa. Akan kuma kawo labarin W.D.M. Bell, ɗan Sukotilan da ya kashe giwaye kimanin dubu a farkon ƙarni na 20, yawancinsu da 7x57 Mauser, harsashin da bai kai .308 ƙarfi ba. Labarin yana nuna muhimmancin sanin jikin dabba da kai ƙwaya inda ya dace, amma iyakarsa ke nan. Bell yana harbin ƙwaƙwalwa ne daga 'yan taku kaɗan, da ƙwaya mai tauri, a zamanin cinikin hauren da ya yi wa giwayen Afirka ɓarna mai yawa. Ba abin koyi ba ne, dokokin yau ma sun hana.

Domin kuwa "mafi ƙanƙanta" yana da iyaka ta ƙasa, kuma hukumomi sun shata ta. A Ingila da Wales dokar barewa ta 1991 ta bukaci faɗin da bai gaza inci 0.240 ba da ƙarfin kimanin jul 2,300 a bakin bindiga ga manyan nau'o'in barewa, abin da ya sa .243 Winchester na 1955 ya zama ruwan dare a can. A Jamus manyan dabbobi masu kofato suna bukatar milimita 6.5 da jul 2,000 a nisan mita 100. A Zimbabuwe giwa da ɓauna da dorina suna bukatar faɗin milimita 9.2 da jul 5,300, ƙasashe da dama kuma sun tsayar da .375 a matsayin mafi ƙaranci ga dabbobi masu haɗari. Harsasai biyu ne suka daɗe suna wannan aiki: 9.3x62 da Otto Bock ya tsara a Balin a 1905, da .375 H&H Magnum na kamfanin Holland & Holland na Landan, daga 1912, mai jefa ƙwayar giram 19.4. A yankunan farauta masu lasisi na arewacin Kamaru, kewayen gandun dajin Benuwe da Faro da Buba Njidda, inda baƙi ke zuwa ta Garwa da rani don ɓauna da gwanki da ƙaton ilan na Derby, irin wannan bindiga ake riƙewa. Amma dubi yadda ake aikin: ana bin sawu a ƙafa, wani lokaci kwana da kwanaki, har a matso. Girman harsashin don kaurin fata da ƙashi ne. Ɓauna daga kusa ake harbinta, saboda wadda aka raunata daga nesa ita ce ke kwanton ɓauna a cikin ciyawa tana jiran mai bin jininta.

Tsakanin waɗannan akwai gurbin da Magnum ya cancanta, sai dai ƙunƙuntacce ne. Mai farautar elk, wata ƙatuwar barewa, a duwatsun yammacin Amurka, inda kwari ke raba shi da dabba mai kilo 300 kuma babu hanyar matsowa, yana da dalilin ɗaukar 7mm Remington Magnum na 1962 ko .300 Winchester Magnum, in har ya tabbatar a fili cewa kafaɗarsa na ɗauka. Mai harbin ƙarfe a mita 1,500 yana da dalilin .338 Lapua Magnum na Finlan. Ga barewa da gada da aladen daji a ƙasa da mita 300, inda mafi yawan farauta take, .270 Winchester na 1925 da .308 da .30-06 da 6.5 ba su da bambancin da dabba za ta gane.

Saboda haka tsarin zaɓe ya bi wannan hanya. Ka fara rubuta aikin: allo ne ko dabba, wace dabba, a wane nisa na gaskiya, ba wanda kake buri ba. Ka duba dokar ƙasar ko ta gasar, ka cire duk abin da bai kai ba. A cikin sauran ka duba wanda ake samu a kantin da ke kusa da kai a kowane lokaci, sannan ka ɗauki mafi sauƙin shuri. Kuɗin da ya rage ka zuba shi a madubi mai kyau, da na'urar auna nisa, da harsasan atisaye. Ka saita bindiga a mita 100, ka auna gudun harsashinka da na'ura maimakon dogaro da abin da aka rubuta a kwali, domin tsawon bututu da zafin rana suna sauya shi. Daga nan sai gwajin da ke yanke hukunci ga mafarauci: a kafa faranti mai faɗin santimita 20, a harbe shi da bututu mai sanyi, daga irin tsayuwar da za a yi a daji, a kan sanduna ko a durƙushe, ba a kan teburi ba, a ranar da ake iska. Nisan da kake samunsa sau tara cikin goma shi ne iyakarka, ko da lissafi ya ce harsashinka zai kai ninki biyu. Ga yawancin mutane wannan iyaka takan fito gajeriya fiye da yadda suka zata. Ka toshe kunnuwanka a kowane atisaye, kuma kada ka ja kunama sai ka san abin da ke bayan abin da ka auna, domin ƙwayar da ta kuskure tana iya tafiya fiye da kilomita 3.

Mai karatu a Najeriya ya sani cewa duk wannan bayani yana bayan doka ne. Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja masu faɗin 7.62 da .303 a jerin haramtattu, bindigar farauta mai tsagi kuma ba a mallakarta sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda, sannan farauta a gandun daji irin su Yankari laifi ne. Wanda yake sha'awar wannan fanni, a gida ko a ƙasar waje, ya fara da takardar izini da ƙungiyar harbi mai rajista da malamin da zai tsaya a kansa, kafin ya shiga gardamar lambar harsashi.